Mutum-mutumi ba ya jin kunya

Tun kafin a ƙera na'ura mai tafiya da ƙafa biyu, manoman Damargu sun san mutum-mutumi. In gero ya fara ido, tsuntsaye suka taso, sai a gicciya itace biyu, a rataya musu tsohuwar riga, a kifa ƙwarya ko tsohuwar malafa a bisa, a kafa tsakiyar gona. Jan-baki ya hango daga nesa, ya ɗauka mai gona ne tsaye. Da Bahaushe ya ga na'urorin nan masu hannu da ƙafa a talabijin, bai wahalar da kansa wajen neman suna ba, wannan ya ɗauko ya laƙa musu. Mu masu karatun kimiyyar harshe mun san aikin da ninka kalma ke yi a Hausa: fari-fari bai kai fari ba, ruwa-ruwa kama da ruwa kawai ya yi, mai zazzaɓi-zazzaɓi bai kwanta ba tukuna. To haka mutum-mutumi, ya ɗauko kamar mutum, bai kai mutum ba.

Su Turawa ta wata hanya suka bi. Kalmarsu ta robot ta fito ne cikin wani wasan kwaikwayo da Karel Čapek, ɗan ƙasar Cek, ya wallafa a 1920, kuma tushenta robota, wato aikin tilas, irin wanda kakanninmu suka sha a hannun Faransa har aka soke shi a 1946. Su sun dubi aikin da zai yi musu, mu mun dubi kamar da ya yi da mu.

Sai dai wanda ya iso mana ba shi da hannu ba shi da ƙafa, baki gare shi. Tun da aka saki ChatGPT ranar 30 ga Nuwamban 2022, shi da ire-irensa sun shiga portabul ɗin ɗalibai daga Yamai har Damagaram, kuma in hutu ya zo, da su ake hawa mota zuwa Tanut, Gangara da Belbeji. Ana kiran abin ƙirƙirarriyar basira. Ka tambaye shi da Faransanci ya amsa, ka juya Hausa ya biyo ka. Tambayar da nake son mu tauna, ƴan uwa, ita ce: in abin da ba mutum ba ya yi magana, maganar ta cutar da wani, wa zai ɗauki alhaki?

Bari mu fara da yadda take magana. An ɗura wa na'urar rubutun da ɗan Adam ba zai karance ba ko da zai shekara dubu, sannan aka horar da ita kan wasa guda: ga farkon jimla, wace kalma ta fi dacewa ta biyo? In na ce maka "ruwa ba ya tsami", kafin in rufe baki ka ce "banza". Ba sai ka ɗanɗana ruwan ba, kunnenka ne ya saba. Haka take yi, kalma bayan kalma, daga baya kuma aka sa mutane suna gyara mata amsoshi har ta iya lafazi mai daɗi da ladabi. Shi ya sa sau da yawa tana faɗin daidai, don abin da aka fi rubutawa sau da yawa daidai ne. Shi ya sa kuma in ta zo inda rubutu ya yi ƙaranci ba ta cika yin shiru ba, sai ta ƙulla abin da ya yi kama da amsa, da murya iri ɗaya da wadda ta faɗi gaskiya ɗazu.

Mu kuwa muna zaune daidai inda rubutu ya yi ƙaranci. Hausa ta shiga Google Translate tun Disamban 2013, kuma masu bincike na Afirka, irin ƴan ƙungiyar Masakhane da ƴan HausaNLP, suna ta ƙoƙarin tara rubutu don na'ura ta koya. Allah ya saka musu. Amma Hausar da ke intanet galibinta ta gidajen rediyo ce, BBC, Muryar Amurka, DW, RFI, sai jaridun Najeriya da Wikipedia, kuma kusan duka Kananci ne. Rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa fari na launi da fari na rashin ruwa suke fita iri ɗaya a takarda, haka gari na zama da gari na tuwo. Wannan ma ƙarami ne. Abin da manomin Gangara ya sani kan geron ankutes, yaushe ake bizne, wane ruwa ne na shuka wane ne na yaudara, yadda jigawa ke riƙe laima in aka kwatanta da faƙo, yawancinsa yana cikin kawunan dattawa, ba a taɓa rubuta shi ba. Na'urar ta karanta noman Amurka da na Indiya. Ka tambaye ta na Damargu, za ta amsa maka dai, da Hausa mai santsi.

To me ke ba magana nauyi a wurinmu? Ku dubi kasuwar dabbobi. Baƙo ya zo da sa, kai ba ka san shi ba, ba ka san ko na sata ne ba. Dillali ya shiga tsakani ya ce ya san mai shi. La'adar da ka biya shi kuɗin sunansa ce. In gobe aka zo cigiyar sa, shi za a nema, kuma an san gidansa, an san ubansa, an san inda yake zama kowane mako. In ya yi ƙarya sau ɗaya ya kashe kasuwarsa, ƴaƴansa ma sai sun ji a jikinsu ranar neman aure. Ya jingina wani abu nasa a bayan kalmar da ya furta, abin da zai iya rasawa.

A 1974 wani Bature, A. H. M. Kirk-Greene, ya wallafa ɗan littafi kan abin da Hausawa ke nufi da mutumin kirki. Cikin halayen da ya lissafa akwai gaskiya, amana, haƙuri, hankali, ladabi, mutunci da kunya. Ɗauki jerin nan ka gwada wa na'ura. Haƙuri? Tambaye ta abu ɗaya sau hamsin, ba za ta yi tsaki ba. Ladabi? Ta fi wasunmu. Amma ka zo kan kunya sai ka tsaya. Kunya sai da ido, sai da mutanen da za ka haɗu da su gobe a masallaci ko bakin rijiya. Ka nuna wa na'ura ta yi kuskure, nan take za ta ba ka haƙuri, ta sake wata amsa. Ba ta rasa barci ba, ba ta sunkuyar da kai ba, ba wanda zai nuna ta da baki a wurin suna. Haƙurin da ta bayar ma kalma ce da ta fi dacewa ta biyo bayan ƙorafi. Kuma inda babu abin da za a rasa, amana ba ta da wurin zama. An ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Wannan ga mai ɗaki ne, wanda ruwa zai zubo wa in ya zare. Ita ba ta da ɗaki.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu kai tsaye, ni da kai da ke. Mafi yawan iyayenmu ba za su taɓa rubuta wa na'ura tambaya ba. Mu za su tambaya. "Kai da ka yi lakwal, duba mini." Mu ne muka zama tafintoci tsakaninsu da ita. Wanda ya karanta littafin Amadou Hampâté Bâ na 1973 kan Wangrin ya san ƙarfin da tafinta ke da shi a zamanin mulkin mallaka: kwamanda ba ya jin harshen talaka, talaka ba ya jin na kwamanda, duk abin da tafinta ya ce an ce, shi ke nan. Ƙarfinsa ya fito ne daga cewa babu mai iya binciken sa. Wannan kujerar ce aka ajiye mana, ko mun so ko ba mu so ba.

Mu ɗauki misali. Kaka ta yi, dattijo ya samu buhu huɗu na wake, yana tsoron ƙwari. Ya sayo ƙwayoyin nan da ake sakawa cikin buhu, waɗanda ke fitar da iska mai guba, takardar jikinsu kuma babu, ko tana nan da harshen da ba ya ji. Ya kira ɗansa ɗalibi ya ce ƙwaya nawa ake sawa, kuma a ina za a ajiye buhun? Yaro ya latsa portabul, amsa ta fito tsaf, da lamba ɗaya, biyu, uku. A ƙasan allon akwai ɗan rubutu siriri da ke cewa na'urar tana iya kuskure, a bincika. Yaro ya ɗaga kai ya ce, "Baba, kaza ake sawa." Ku lura da abin da ya faru a daƙiƙar nan. Gargaɗin ya tsaya cikin waya. Abin da ya isa kunnen dattijo muryar ɗansa ce, wanda ya sayar da akuya ya tura karatu. Da na'urar aka nuna mishi aka ce ita ta faɗa, da ya yi dariya ya tafi wurin malamin gona. Amma ɗansa ne ya faɗa. Na'urar ta ari kunyar yaron da mutuncinsa ta yi magana da su. Ta yiwu amsar daidai ce. Ta yiwu kuma ta tsallake abu guda da ya fi komai, cewa irin wannan buhu ba a kwana ɗaki ɗaya da shi, ba a barin yara kusa. Yaron bai san wanne ne ba a lokacin da ya buɗe baki, kuma nan laifin yake, ko da Allah ya kiyaye.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu abin dubawa ce. Za su ce, to mutane fa? Mai tallar magani da lasifika a kasuwa, wanda ƙwayarsa guda ke warkar da basir da ciwon baya da rashin haihuwa, shi ba mutum ba ne? Yana da ido, ina kunyar? Na'ura ta fi shi faɗin gaskiya sau ɗari. Haka ne. Amma ku lura, irin wannan mai talla ba ya sayarwa a garinsu. Yau yana nan, gobe ya yi gaba, yana gudun ranar da za a gane shi. Gudun nan shi ke nuna cewa igiyar tana nan, shi ne ke kauce mata. Kuma jama'a sun daɗe da koyon yadda ake auna shi, da jin muryarsa an san a rage rabi. Na'ura kuwa ba mu koyi auna ta ba tukuna, don ba ta da alamomin da muka saba kama maƙaryaci da su. Ba ta in-ina, ba ta kawar da ido, ba ta rantsuwar da ta wuce kima.

Wasu kuma za su ce alhakin na kamfanin da ya ƙera ta ne. A shari'a akwai gaskiya a nan. A 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a Kanada ta sa kamfanin jiragen sama na Air Canada ya biya wani fasinja da na'urar amsa tambayoyi ta shafinsu ta faɗa wa abin da ba haka ba kan ragin kuɗin tikiti. Kamfanin ya so ya zame ya jingina wa na'urar, kotu ta ƙi. A 2023 kuma wani alƙali a New York ya ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 don sun kawo mishi hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙirƙira, ba su bincika ba. Duka biyun abu ɗaya suka nuna: in aka bi sawun magana, sai an dire kan mutum, wanda ya kafa na'urar ko wanda ya ɗauko maganarta ya sa hannu. To amma dattijonmu mai wake, wace kotu zai je? Kamfanin yana San Francisco, shi yana ƙauyen da sai an hau tudu ake samun rezo. Mutum na kusa da zai iya kamawa ɗansa ne. In hasashen damina ya fito daga cibiyar AGRHYMET ta Yamai ko daga ma'aikatar yanayi, akwai ofis, akwai darakta, akwai wanda ɗan jarida zai iya tsarewa da tambaya in abin ya saɓa. Amsar cikin waya ba ta da ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Akwai kuma masu cewa to a bar ta mana gaba ɗaya. Ni ban ga haka ba. A yankin da likitan dabbobi ɗaya ke da garuruwa barkatai, inda littafin da malami ya ambata a aji babu shi a laburare, abin da zai fassara maka takarda, ya warware maka darasin da ya shige maka duhu, ya nuna maka tambayar da ya kamata ka yi wa likita, ai ni'ima ce. Ba a ƙin wuƙa don tana yanka. Abin da nake ja a kai shi ne a ba ta kujerar shaida, alhali ba ta da abin jinginarwa.

Wannan tambaya ta alhaki ba ta tsaya kan baki ba, don ana ba na'ura hannu ma, kuma hannun da ya fi kusa da mu a Sahel ba na masana'anta ba ne, na sama ne. Hanyar da ta ratsa Tanut ita ce ke kaiwa Agadas, inda Amurka ta riƙa tayar da jirage marasa matuƙi daga sansaninta tun 2019 har ta tattara ta fita a Agustan 2024. Yau sojojin ƙasashen yankin nan da kansu suna da irinsu. A daren 3 ga Disamban 2023 wani jirgi marar matuƙi na sojojin ƙasa na Najeriya ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, jihar Kaduna. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasar ta ce aƙalla mutum 85 suka rasu. Mutane ne suka dubi allo suka yanke hukunci a daren, shi ya sa aka samu wanda za a tambaya. Babban hafsan sojojin ƙasa na wancan lokaci, Janar Taoreed Lagbaja, ya je garin da ƙafarsa ya ba da haƙuri. Haƙurin bai dawo da kowa ba, amma dai an ga fuska. Yanzu ana ƙera makaman da za su zaɓi wanda za su harba da kansu. A watan Disamban nan dai na 2023 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudurinsa na farko kan irin waɗannan makamai, ƙasashe 152 suka goyi baya, kuma babban sakatare António Guterres ya nemi a kammala yarjejeniyar da za ta ɗaure su kafin ƙarshen 2026. Ranar da irin wannan makami ya yi ɓarna, wa zai zo gaisuwa? Wa zai zauna kan tabarma ya kasa haɗa ido da uwar mamaci?

Nahawun Hausa ya tanadi mafaka ga mai gudun laifi. Yaro ya fasa tulu ya ce "tulu ya fashe". Babba ya yi ɓarna ya ce "an yi kuskure". Wannan "an" ɗin, da muke kira wakilin suna marar takamaiman mai aiki, tana da amfaninta, amma tana iya zama bargon da kowa ke shiga. Haɗarin na'ura mai yanke hukunci shi ne ta mai da duk wata ɓarna ta zama "an". Mai ƙerawa ya ce shi bai aika ta ba, mai aikawa ya ce shi bai zaɓa ba, ita kuwa ba a ɗaure ta, ba a kunyata ta.

Sai dai harshen da ya ba mu "an" shi ya ba mu "wai". Ƴar ƙaramar kalma ce, amma aikinta babba. In na ce "ruwa ya sauka a Belbeji", na sa kaina. In na ce "wai ruwa ya sauka a Belbeji", na gaya maka cewa ji na yi, ka bincika kafin ka ɗauki iri. Muna da "in ji wane", muna da "na ji an ce", muna da "da idona na gani". Kakanninmu da ba su riƙe alƙalami ba sun ware abin da aka gani da abin da aka ji, har suka ce gani ya kori ji. Malaman hadisi ma da haka suka tsare ilimi, ba a karɓar magana sai an san wa ya ji daga wa, kuma yaya halinsa. Duk abin da na'ura ta sani ji ta yi, ba ta taɓa ganin komai da ido ba, amma tana magana babu "wai". Tafintan kirki shi ne wanda zai mayar da "wai" ɗin wurinta.

Ba abu ne mai wuya ba a aikace. In ka ɗauko magana daga waya za ka kai wa wanda ba zai iya dubawa da kansa ba, gaya mishi inda ta fito, kuma gaya mishi tana kuskure. In abin ya shafi rai, magani, guba, ciki, gado, filin gona ko hukuncin addini, amsar na'ura ta zama guzurin zuwa wurin mai sani, likita, malamin gona, alƙali ko malami, kada ta zama ƙarshen tafiya. In za ka sa sunanka kan ekspoze ko memwar, duk littafin da ta ambata maka nemo shi ka gani, don takan haifi littattafan da ba a taɓa rubutawa ba, da sunan marubuci da shekara. Kuma mu ƴan harshe akwai ƙarin kaya a kanmu. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Ke nan takardu da yawa za su nemi fassara, na asibiti, na kotu, na makaranta, kuma hanya mafi araha ita ce a zuba wa na'ura a kwafo. Wasunmu za a ɗauka su duba. Duk wanda ya sa hannu a ƙarƙashin fassarar da bai karanta ba, ya san wata mata a ƙauye za ta ba ɗanta magani bisa abin da aka karanta mata daga ciki.

Na san faɗin "wai" yana rage kwarjini. Ɗalibin da ya dawo hutu yana son a ga ya san komai, kuma amsa mai kaifi ta fi daɗin faɗa a gaban ƙanne fiye da "Baba, ban tabbata ba, mu je mu tambaya." Amma dattawanmu ba su taɓa raina wanda ya ce bai sani ba. Wanda suke rainawa shi ne wanda aka bi maganarsa aka faɗa rami, kuma a ƙauye irin wannan ba a mantawa da wuri. Shekara ashirin nan gaba na'urar da ke aljihunka an daɗe da sake ta da wata, babu mai tuna sunanta. Kai kuwa kana nan, kuma a gidanku za a riƙa tuna ko maganarka abin ɗauka ce.